Tsakanin "Wai" Da "Ashe": Wa Ya Ga Gawar?

Duk wanda ya saba zama cikin majalisar dattawa a Nahuce, ko bakin tasha a Bungudu, ko wurin mai shayi a Tsafe, ya san yadda ake karɓar labarin mutuwar wani ƙasurgumin ɗan bindiga a 'yan shekarun nan. Rediyo za ta ce jiragen yaƙi sun yi luguden wuta a daji kaza, sun hallaka Kachalla wane da yaransa masu yawa. Kafin labarin ya tsallaka daga bakin mai karanta labarai zuwa bakin mai sauraro, ya riga ya sami ƙari na kalma guda a gabansa: wai an kashe Kachalla wane. Bayan mako biyu ko wata guda, idan yaran mamacin suka aiko da saƙon kuɗin noma da sunansa, ko muryarsa ta ɓulla a wayoyin jama'a, sai kalmar farko ta ba ta biyu wuri: ashe yana nan. Bahaushe yana sa "wai" ne don ya zare hannunsa daga maganar da bai gani da idonsa ba, yana kuma sa "ashe" idan gaskiya ta zo masa ta inda bai zata ba. Abin takaici shi ne sanarwar hukumar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasar nan ta koma abin da talaka ke ajiyewa tsakanin waɗannan kalmomi biyu, har sai ya ji daga bakin direban mota ko wanda ya kuɓuto daga daji.

Ba talaka ne ya ƙirƙiro wannan shakka don son zuciya ba. Koya masa aka yi, kuma babban malamin da ya koyar da darasin shi ne Abubakar Shekau. A Yulin 2009, bayan rikicin Maiduguri, an lissafa shi cikin waɗanda suka mutu. A 2010 ya fito a faifan bidiyo yana shelar shugabancin ƙungiyar Boko Haram. A Agustan 2013 kakakin rundunar haɗin gwiwa a Maiduguri, Laftanar Kanar Sagir Musa, ya ce mai yiwuwa Shekau ya mutu tsakanin 25 ga Yuli da 3 ga Agusta, sakamakon harbin da ya samu a dajin Sambisa. A watan Satumba sai ga shi a wani faifan. A Satumban 2014 Hedikwatar Tsaro, ta bakin Manjo Janar Chris Olukolade, ta ce an kashe wani Mohammed Bashir a Konduga, wanda shi ne yake shigar burtu da sunan Shekau, ta kuma nuna cewa sunan ya zama riga ce da 'yan ƙungiyar ke yafa wa wanda suka ga dama; a Oktoba mai rigar ya sake fitowa yana dariya. Ranar 23 ga Agusta 2016, ranar da Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, John Kerry, ya ziyarci fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, aka sanar cewa harin jirgin sama ya yi wa Shekau rauni na ajali. Raunin ajalin nan ya bar shi a duniya kusan shekara biyar. Da ajalin gaske ya zo a Mayun 2021, ba jirgi ne ya kawo shi ba, abokan gabarsa ne na ISWAP suka rutsa shi a Sambisa, kuma daga bakin shugabansu Abu Mus'ab Albarnawi duniya ta ji tabbacin labarin. A duk waɗancan shekaru ba mu ji ranar da wani kakaki ya kira manema labarai ya ce sanarwar bara kuskure ce, ga kuma yadda aka yi kuskuren ya auku ba.

Wani zai ce wannan labarin Barno ne, mu kuma matsalarmu ta Zamfara daban take. To, mu dawo gida. Dogo Giɗe an ce ya mutu a ƙarshen 2021, wai mataimakinsa ne ya harbe shi. Iyayen 'yan matan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, waɗanda aka sace ranar 17 ga Yuni 2021, su suka fi kowa sanin ƙaryar wannan labari, domin da wannan mamacin suka yi ta fafutukar ciniki har zuwa 2023 kafin ragowar 'ya'yansu su dawo. A Maris 2024 jaridu suka sake kashe shi, wannan karon daga bakin "majiyoyin tsaro", har da bayanin dajin da aka harbe shi da unguwar da aka kai shi jinya a Sakkwato. Shekara ba ta zagayo ba sai ga sunansa cikin sababbin faɗace-faɗace a dazukan jihar Neja. Halilu Sububu ma tun a 2022 aka taɓa ruwaito cewa luguden jirgi ya gama da shi, amma a Nuwamban wannan shekarar, da Hedikwatar Tsaro ta fitar da sunayen mutum 19 da take nema ruwa a jallo, da ladan Naira miliyan 5 a kan kowannensu, sunansa yana ciki. Hukuma ɗaya ba ta sa lada a kan wanda ta tabbatar yana kabari.

Yanzu a dubi mutuwar da jama'a suka gaskata ba tare da gardama ba, a ga abin da ya haɗa su. Buharin Daji, wanda a zamaninsa sunansa kaɗai kan tashi ƙauye, ya mutu a Maris 2018 a hannun mutanen Dogo Giɗe, aka ɗauko gawarsa aka kawo Gidan Gwamnati a Gusau zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari, waɗanda suka san shi suka gani suka shaida. Auwalun Daudawa, jagoran satar ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, wanda ya tuba a Gusau a Fabrairun 2021 ya kuma koma daji, ya mutu a ƙarshen Afrilun shekarar a faɗa da wata daba a dajin Dumburum, kuma mutanen da ke da hanyar jin labarin daji suka tabbatar. Halilu Sububu, da ranarsa ta zo a 12 ga Satumba 2024, sojojin ƙasa ne suka yi masa kwanton ɓauna a yankin Mayanci, aka ga gawa, aka ga makamai, har Bello Turji ya fito a bidiyo ya amsa cewa maigidansa ya tafi. A nan babu wanda ya sa "wai". Duk inda aka sami gawa, da shaidun da suka san fuskar, da amsawar mutanen mamacin, magana takan mutu a ranar. Inda gardama take tsawo shi ne inda shaida ɗaya tilo ita ce hayaƙin da matuƙin jirgi ya hango daga sama.

Ba muna cewa jirgi ba ya kisa ba ne. Ali Kachalla, wanda ake kira Ali Kawaje, wanda aka danganta wa yaransa harbo jirgin yaƙi a Yulin 2021, harin sama ne ya kashe shi a jihar Neja a Disamban 2023, kuma labarin ya tsaya da ƙafarsa. Abin da muke cewa shi ne jirgi yana iya kisa, amma ba ya iya shaida. Matuƙi ko mai sarrafa jirgi maras matuƙi yana ganin bukkoki, da babura a ƙarƙashin itace, da taron mutane. Yana ganin wuta ta tashi. Ba ya ganin tsagen fuska, ba ya jin sunan uba. Kafin a ce wane ne ya mutu, dole wani ya taka ƙasa ya duba, ko a saurari wayoyin 'yan dabar a ji suna ta'aziyya, ko a dogara da ɗan rahoto. Takawar ƙasa a tsakiyar dajin Sububu ko Munhaye ko Kuyambana ba abu ne mai sauƙi ba, kuma 'yan bindiga kan kwashe gawawwakinsu a kan babura su binne kafin rana ta faɗi. Saura ɗan rahoto, shi kuwa mutum ne mai buƙata: yana son lada, yana son a ci gaba da yarda da shi, wani lokaci ma yaron wata daba ce da ke son a ɗauke mata abokin gaba. Shi kansa ƙasurgumin yana da riba a cikin labarin mutuwarsa, domin wanda aka ce ya mutu an daina nemansa.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ba a cika kula da ita a Abuja ba. Kachalla ba sunan yanka ba ne, sarauta ce ta jagoran mayaƙa da ta zo mana daga Barno, yau kuma duk wanda ya tara babura ashirin yana amsa ta. Dogo siffa ce, Baleri da Boderi launin fata ne a Fulatanci, baƙi da ja, kuma kowane daji yana da nasa Dogon da nasa Balerin. Mutum guda yakan amsa laƙabi uku, kamar yadda aka riƙa kiran Halilu da Sububu da Buzu da Tubali, laƙabi guda kuma yakan hau mutum biyar. Idan sanarwa ta ce an kashe Dogo ba ta faɗi ɗan wane ne ba, ba ta faɗi rugar da ya fito ba, to ba ta yi ƙarya ba ko da wane Dogon ne ya mutu, amma manomin da ke tsoron Dogon da ke bayan gonarsa zai ɗauka nasa ake nufi.

Mu da nazarin harshe ya zama sana'armu, akwai abin da ya daɗe yana damunmu a cikin waɗannan sanarwoyi. Da Turanci ake rubuta su, kuma kalmar da aka fi so a cikinsu kalma ce da asalin ma'anarta ita ce kashe kaifin abu, kamar yadda ake kashe kaifin guba da makari. A bakin soja tana iya nufin an kashe mutum, ko an ji masa rauni, ko an kama shi, ko an tarwatsa shi ya daina barazana na ɗan lokaci. Kalma ce da aka zaɓa don faɗinta, domin mai faɗinta ya sami ƙofar fita. Amma idan ta iso teburin mai fassara a gidan rediyo ko jarida, Hausa ba ta ba shi wannan ƙofa. Sai ya ce an hallaka, ko an sheƙe, ko an aika lahira, kuma wanda aka aika lahira ba ya dawowa. Haka nan idan sanarwa ta ce ana kyautata zaton wane yana cikin waɗanda harin ya rutsa da su, kanun labari ba shi da wurin kyautata zato, sai ya yanke hukunci. Ta haka zato ke zama yaƙini tsakanin Abuja da Gusau ba tare da wani ya ɗauki alhakin sauyin ba. Abin mamaki, rundunonin da ake turo mana sunayen Hausa ake raɗa masu: Harbin Kunama da aka ƙaddamar a Dansadau a 2016, Sharan Daji, Diran Mikiya, Hadarin Daji, Fansan Yamma. (Mu bar maganar cewa shara da dira da fansa duk mata ne, a daidaitacciyar Hausa sharar daji da dirar mikiya da fansar yamma ya kamata a ce, Bazamfare ma sharad daji zai ce.) An san da Hausa za a tsorata ɗan bindiga, amma idan aka zo bayanin abin da aka yi, sai a juya wa Bahaushen baya a fuskanci masu karanta jaridun Turanci.

Al'ummar nan ba ta taɓa ɗaukar shelar mutuwa da wasa ba. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya san hukuncin wanda ya ɓace ba a ji ɗuriyarsa ba. A mazhabar Malikiyya matarsa ba ta yin takaba don an ce an ce. Sai ta kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda ta wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Malamai sun tsananta haka ne domin sun san abin da ke biyo bayan kalmar "ya mutu": aure yana warwarewa, gado yana rabuwa, mutane suna gina rayuwarsu a kan maganar. Idan wannan ne ma'aunin da ake bi kafin a raba akuya uku da gona guda, mene ne dalilin da zai sa a sassauta shi a maganar da rayukan gundumomi suka rataya a kanta?

Domin kuwa rayuka ne suka rataya. A Abuja sanarwar mutuwar ɗan bindiga layi ne a cikin rahoton mako. A Nahuce shawara ce da magidanci zai yanke kafin asuba. Ya tafi gonarsa ta nesa da ya bari shekara biyu, ko ya ci gaba da noman bayan gida da ba ya kai shi rani? Ya bar matarsa ta bi motar kasuwa? Garin da aka ɗora wa kuɗin girbi ya ci gaba da tarawa, ko ya ce mai karɓa ya mutu? Wanda ya gaskata labarin ƙarya ya fita, shi ake kamawa. Garin da matasansa suka yi murna a fili, ko suka saka a Facebook, shi ake fara waiwaya idan mamacin ya tashi, kuma tambayar farko da yakan yi ita ce wa ya ba soja labarin inda yake. Mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba sun sha biyan wannan bashi. Ga kuma ribar da ƙasurgumin ke samu a idon yaransa: wanda gwamnati ta kashe sau biyu ya dawo, ai ba sai boka ya yi masa talla ba, kowa zai ce layar zana gare shi, harsashi ba ya cinsa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ke kiwo a gefen daji yana jin wannan, kuma yana auna wanda ya fi cika magana tsakanin hukuma da Kachalla.

Ko da labarin gaskiya ne, ba a nan hatsarin ya ƙare ba. A farkon Janairun 2022 aka sanar cewa hare-haren sama a dajin Gusami da yankin Tsamre, a ƙaramar hukumar Birnin Magaji, sun kashe Alhaji Auta da Kachalla Ruga da mutanensu masu yawa. Tsakanin 4 da 6 ga watan, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka yi jana'iza suka ce mamatan sun kai kimanin 200, gwamnatin jiha ta ce 58 ne. A lura da wannan da kyau: idan 'yan bindiga ne suka mutu, alƙalamin hukuma yakan yi saurin kai ɗari ba tare da an ga gawa ko ɗaya ba, idan talakawa ne, waɗanda gawawwakinsu ke jere a gaban liman, sai alƙalamin ya yi nauyi. Daba ba ta watsewa don shugabanta ya faɗi. Rabewa take yi gida uku ko huɗu, kowane ƙaramin Kachalla yana son ya nuna ya fi wanda ya gada zafi, kuma a kan ƙauye mafi kusa yake nunawa. Kisan Buharin Daji bai kawo ƙarshen komai ba a 2018. Wanda ya kashe shi ne ya gaje filin. Saboda haka ranar da aka kashe maciji ita ce ranar da ya kamata a fi tsaron garuruwan da ke kewaye da raminsa, a kuma gaya masu da harshensu cewa su yi hattara, ba ranar da za a yi ta aika saƙon taya murna ba.

Akwai wani gefen da ya fi wannan ɗaci, wato lokacin da waɗanda aka lissafa a matsayin 'yan ta'adda ba su ba ne. Mutanen Bungudu ba su manta ba, a Afrilun 2019 Sarkinsu, Alhaji Hassan Attahiru, shi ya yi magana da yawun Majalisar Sarakunan Zamfara cewa hare-haren sama a yankunan Zurmi da Tsafe da Gusau da Anka ba maɓoyar ɓarayi suke samu ba, talakawa suke samu. Rundunar sojan sama ta musanta, ta kafa kwamitin jami'anta, maganar ta ƙare da ban-haƙuri da musabaha irin tamu. Amma shekarun da suka biyo baya sun nuna tambayar sarakunan tana kan hanya. A Mutumji ta masarautar Dansadau, a Disamban 2022, mutanen gari sun ƙirga gawa fiye da 60. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne 85. A Silame ta jihar Sakkwato, ranar 25 ga Disamba 2024, mutum 10. A Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, a Janairun 2025, aƙalla mutum 16, cikinsu har da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Idon da ya kasa bambance mai Mauludi da ɗan bindiga, shi ne dai idon da ake so mu yarda ya gane Kachalla wane a cikin taro. A Tudun Biri dai Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je da kansa ya ba da haƙuri, kuma wannan bai rage wa soja daraja ba ko kaɗan. A ganinmu yana cikin 'yan lokutan da maganar soja ta yi nauyi a kunnen talaka.

Kada a ɗauka Nijeriya kaɗai ke wannan tuntuɓe. Chadi ta ce ta kashe Mokhtar Belmokhtar a Maris 2013, a watan Mayu ya ɗauki alhakin hare-haren Agadas da Arlit a Nijar. Faransa da Mali sun sanar da mutuwar Amadu Kufa a Nuwamban 2018, a Fabrairun 2019 ya fito a bidiyo. Rasha ta ce mai yiwuwa ta kashe Abubakar Albagadadi a 2017, bai mutu ba sai Oktoban 2019. Bambancin yana wurin abin da ake yi kafin sanarwa da bayanta. Da Amurka ta kashe Abu Mus'ab Alzarƙawi da harin sama a Iraƙi a Yunin 2006, sai da sojojinta suka isa wurin, suka gwada zanen yatsu, kafin a yi shela. Da jirginta ya kashe fararen hula 10 a Kabul a ƙarshen Agustan 2021, bayan ta fara cewa ɗan ƙunar baƙin wake ta samu, kafin mako uku babban kwamandanta na yankin ya fito ya ce kuskure ne, kuma binciken 'yan jarida ne ya tilasta shi. Ba don Amurka ta fi kowa tsoron Allah ba ne. Akwai masu bin diddigi ne a bayanta.

A nan ne laifin namu yake, mu masu rubutu da masu buga jarida. Yawancin mutuwar da ta zama abin kunya ba ta fito da sa hannun wani kakaki ba. Takan fito ne daga "majiya mai tushe", ta bi ta WhatsApp, jarida ɗaya ta ɗauka, tara su kwafa, washegari wani ɗan siyasa ya taya murna, shi ke nan ta zama tarihi. Hukuma ba ta ce ba, ba ta kuma musanta ba, domin labarin yana yi mata daɗi. Idan mamacin ya dawo, jaridar da ta binne shi za ta buga sabon harinsa a shafin farko ba tare da ta tuna wa mai karatu cewa ita ce ta yi masa sallah watanni shida da suka wuce ba. A watannin da aka rufe layukan waya a Zamfara, daga Satumban 2021, an yi ta buga nasarori da babu wanda ke da hanyar tantancewa, kuma ba mu ga wanda ya koma ya bi sawunsu bayan an buɗe layukan ba. Wannan cinikin biri a sama ne, mai karatu kuma shi ke biya.

Ba muna neman a riƙa baje gawa a kasuwa ba. Faransawa sun tsire kan Rabe a Kusuri a 1900 don su tsorata mutanen Barno, wannan kuwa ɗabi'ar mai mamaya ce, ba ta hukumar da ke mulkin 'yan ƙasarta ba, kuma addini bai yarda da wulaƙanta gawa ba ko ta wane ne. Ba kuma muna raina jinin soja ba. A Agustan 2023 kaɗai Hedikwatar Tsaro ta sanar da rasa jami'ai da sojoji 36 a jihar Neja, tsakanin kwanton ɓauna da faɗuwar jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso waɗanda suka ji rauni. Mutanen da ke ba da ransu haka sun cancanci kakakin da idan ya yi magana za a yarda. Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba: sanarwa ta bambance abin da aka tabbatar da abin da ake zato da abin da aka yi niyya kawai, ta faɗi cikakken sunan mutum da na mahaifinsa da garinsu, ta faɗi irin shaidar da aka dogara da ita ko da ba za a ambaci mai shaidar ba. Ɗan daji ba shi da zanen yatsu a rumbun gwamnati, amma akwai ɗaruruwan mutanen da suka kwana a sansaninsa a ɗaure, sun san fuskarsa fiye da yadda suke so, akwai kuma dagatai da hakimai da za a iya tambaya a asirce ba tare da an jefa su a hatsari ba. A karanta sanarwar da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyon Gusau, daga bakin rundunar kanta, don kada nauyin zaɓen kalma ya faɗa kan mai fassara. Idan kuma ta bayyana an yi kuskure, wanda ya yi shelar ya dawo ya warware ta da bakinsa.

Akwai wurin farawa da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Jerin mutum 19 na Nuwamban 2022 yana nan, haka ma na mutum 97 da aka fitar a Maris 2024. A cikin na farkon akwai Ado Aleru na Tsafe, wanda aka naɗa Sarkin Fulanin 'Yandoton Daji a Yulin 2022 alhali 'yan sandan Katsina sun sa lada a kansa tun 2020, wanda kuma aka gani a zaune a taron sulhu a ƙaramar hukumar Ɗanmusa a Yunin 2025. Kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, musamman 'yan majalisar da ke wakiltar Gusau da Tsafe da Bungudu da Maru, suna da ikon su nemi Hedikwatar Tsaro ta ɗauko jerin nan guda biyu, ta rubuta a gaban kowane suna ko ya mutu, da ranar da wurin da shaidar, ko yana tsare da kotun da aka kai shi, ko yana cikin sulhu da wace gwamnati, ko har yanzu ana nemansa, a kuma ƙara da adadin lokutan da aka taɓa shelar mutuwarsa. A buga a jaridu, a liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma kafin ruwan shuka ya sauka.